Sauya gindin bindigar farauta a Yamai: Katakon masassaƙi ko robar Turai?

Da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, mafarauta a Yamai da ƙauyukan da ke kewaye da ita kan sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su. A lokacin ne wasu ke tarar da abin da ba su bari ba: katakon bindigar ya tsage a wuya, ko kuma yana girgiɗi a daidai inda ya haɗu da ƙarfe.

Wannan katako shi ne gindin bindiga. Wasu na ce masa ƙota, masu Faransanci kuma su ce crosse. Shi ake dannawa a kafaɗa, a kansa kunci ke kwanciya, kuma shi ke karɓar bugun da bindiga ke yi baya idan an ja kunama. Ba shi ke harbi ba, amma idan ya lalace, maharbi na iya kuskure zabon da ke gabansa, ko ma katakon ya ɓalle masa a fuska.

A da mafita biyu ce: a naɗe tsagar da ɗanyar fata ko waya a ci gaba da lallaɓawa, ko a kai wa masassaƙi ya yi sabo. Yanzu an samu ta uku. Matashi mai wayar hannu ya ga bidiyo a YouTube inda wani Ba'amurke ya kwance gindin da bindigarsa ta zo da shi daga masana'anta, ya ɗaura baƙi na roba cikin minti goma. Ko kuma ɗan da ke zaune a Faransa ko Amurka ya ji labarin bindigar mahaifinsa ta tsage, ya fara duba farashi a intanet da niyyar aikowa.

Niyyar mai kyau ce. Sai dai tsakanin wancan bidiyo da bindigar da ke rataye a ɗakin tsoho a Yamai akwai tazara mai yawa.

Abin da ke kashe katako a Yamai

Mafi yawan bindigogin farauta na masana'anta da ke hannun mutane a wannan yanki ba don yanayin Sahel aka ƙera su ba. Akwai Baikal ta Rasha mai baki ɗaya, wadda aka fara ƙerawa a garin Izhevsk tun 1964 da sunan IZH-18. Akwai tsofaffin na Faransa, musamman Simplex da kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne ya fito da ita a 1908, da Robust mai baki biyu ta 1913. Sai na Turkiyya da suka shigo daga baya. Gindinsu duka daga itatuwan ƙasashen sanyi ne, waɗanda aka busar daidai da damshin iskar can.

Katako ko ya shekara 50 da sarewa bai daina shan ruwa daga iska da fitar da shi ba. A watan Agusta damshin iskar Yamai kan haura kashi 70 cikin 100, katako ya kumbura. Zuwa Fabrairu da Maris damshin kan faɗi ƙasa da kashi 20, katako ya tsuke. A Afrilu kuma zafi ya wuce digiri 40. Ƙarfen da katakon ke riƙe da shi ba ya wannan kumburi da tsukewa. Shekara bayan shekara sai ramin da ƙarfe ke zaune a ciki ya saki, kowane harbi kuma ya zama kamar an buga guduma a kan tsinin da aka kafa a itace. Inda ya fi siranta, wato wuyan da hannu ke riƙewa, nan ne ke fara tsagewa.

Akwai kuma ɓarnar da mai bindiga ke yi da hannunsa cikin rashin sani. Mutum ya ɗura wa ƙarfe mai, wani lokaci ma baƙin man mota, sannan ya jingine bindigar a kusurwa baki sama. Man ya gangara a hankali ya jiƙa kan katakon. Bayan 'yan shekaru wurin ya yi baƙi ya yi laushi, ko gam ba ya kama shi. Shi ya sa masu gyaran bindiga a ƙasashe da dama ke ba da shawarar a rage mai, a kuma ajiye bindiga a kwance ko baki ƙasa bayan an shafe ta.

Gara ba ta buƙatar dogon bayani. Duk wanda ya taɓa jingine abu na katako a bangon ƙasa tsawon damina ya san aikinta.

Robar da aka yi wa wata bindigar

Gindin roba ba sabon abu ba ne. Kamfanin Remington na Amurka ya fitar da bindigar Nylon 66 mai gindin nailan tun 1959. A shekarun 1970 Gale McMillan ya fara yin gindi da zaren gilashi a jihar Arizona don masu gasar harbi, daga baya sojoji suka karɓa. A yau sana'a ce babba a Amurka da Kanada, inda kamfanoni irin su Hogue, Magpul, Boyds, McMillan da MDT ke sayar da gindin canji ga wanda bai gamsu da na masana'anta ba.

Amfaninsa a fili yake. Ba ya shan ruwa, ba ya kumbura, gara ba ta cinsa. Wasu ma ana iya ƙara musu tsawo ko ɗaga wurin kunci ba tare da an sassaƙa komai ba.

Matsalar farko ita ce kowane gindi da bindigar da aka auna shi da ita. Yawancin waɗanda ke kasuwa an yi su ne don Remington 700 da 870, Mossberg 500, Ruger 10/22, Tikka da makamantansu, bindigogin da suka cika shagunan Amurka da Turai. Da wuya a samu gindin roba da zai shiga tsohuwar Simplex a yau. Tsohon kamfanin Manufrance kansa ya durƙushe tun 1985. Baikal tana da samfurin roba na kanta, amma ko a nan sai an tabbatar da shekarar ƙira, domin ramin tsohuwar bindiga da na sabuwa ba lallai su zo ɗaya ba. Wanda ya sayi gindi da hoto kawai, yana iya tarar da cewa dogon notin da ke ɗaure shi bai ma kai ga ƙarfen ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Alƙawarin da masu talla ke yi, cewa sabon gindi zai ƙara wa bindiga saiti, magana ce ta karabin, wato bindiga mai murɗaɗɗen zane a cikin bututu wadda ke aika harsashi guda zuwa mita 200 ko 300. A irin wannan bindiga, idan katako ya kumbura ya taɓa bututu, harsashi kan kauce. Don haka ake zaunar da ƙarfen a kan gam mai tauri ko alminiyam, a bar ɗan sarari tsakanin bututu da gindi yadda takarda za ta iya wucewa. Amma mafaraucin zabo da fakara da zomo a gefen Kogin Kwara kalibar 12 yake riƙewa, wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma a nisan mita 30 zuwa 40. Ita wannan duk wancan lissafi bai shafe ta ba.

Sai batun nauyi. Baikal mai baki ɗaya ba ta cika kilo uku ba. Harsashin kalibar 12 na yau da kullum yana fitar da dalma giram 32 da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, abin da ke tura bindigar baya da gudun mita huɗu zuwa biyar a daƙiƙa. Kafaɗa ce ke tsayar da ita. Gindin roba mai araha yawanci holoƙo ne, ya fi katako sauƙi, kuma duk abin da aka rage a nauyin bindiga ana biyansa da ƙarin bugu. Ga shi baƙar roba idan ta sha ranar Afrilu na rabin sa'a, ɗora kunci a kanta sai da dauriya.

Kuɗin ma abin dubawa ne. Gindin canji mai inganci kan fara daga dala ɗari da wani abu, na zaren gilashi kuma ya haura dala 500. Idan aka ɗauki na Yuro 200, a canjin saifa 655.957 kan kowane Yuro, ya kama kusan jaka 131, ban da kuɗin aikowa da na duwan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne tun daga Janairun 2024. Ke nan albashin wata uku da ɗoriya, a kan abin da wataƙila ba zai shiga bindigar ba.

Aikin masassaƙi

Sassaƙa gindin bindiga tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara da tara bindigogi, har ana ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin birninsa. Bindigogin toka da 'yan bindigar sarakuna ke bugawa ranar hawan Sallah, da waɗanda ake kira baushe a karkara, duk hannu ne ya fitar da katakonsu. Abin da Turawa ke biyan kuɗi mai yawa su samu, wato gindin da aka auna da jikin mai shi, shi ne abin da masassaƙin ƙauye ya saba yi, idan ya samu itace mai kyau da mai bindiga mai haƙuri.

Itacen shi ne rabin aikin. A kasuwar Katako da ke Yamai, wadda sunanta ma daga wannan haja ya samo asali, ana samun farin katako da jan katako, akasari daga ƙasashen gaɓar teku. Farin katako na rufi da akwati ne, yana da laushi, ba zai jure bugun kalibar 12 ba. Cikin itatuwan gida, maɗaci ya fi kusa da abin da ake nema: yana da ƙarfi, yana karɓar sassaƙa, nauyinsa bai wuce misali ba. Kanya ma an daɗe ana yin gindin bindiga da ita, kuma gara ba ta cika damunta ba. Ƙirya, wadda ake turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ke son gawayinta, ta fi su tauri, amma nauyinta kan rinjayar da bindiga baya, sai baki ya riƙa ɗagawa. Madobiya tana da kyan gani, sai dai saranta da aka yi babu ƙaƙƙautawa don kaiwa Sin ya sa tun 2017 take cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido. A cikin gida ma dokar gandun daji ta 2004 ba ta bar kowa ya sari itacen da aka kare ba sai da izinin jami'an gandun daji.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Mafarauci na son bindigarsa kafin lokacin farauta ya wuce, masassaƙi na son kuɗinsa, sai a yi aiki da itacen da bai gama bushewa ba. Ranar da aka karɓa ya zauna daram. Bayan wata biyu na hunturu ya tsuke, ya fara girgiɗi, an koma gidan jiya. Masu yin gindi a Turai kan ajiye guntun itace shekaru kafin su taɓa shi. A Yamai ya fi saurin bushewa, amma idan aka bar shi a rana sai ya tsattsage daga bakinsa. A inuwa ake busar da shi, a shafe bakunan biyu da fenti ko kakin zuma.

Abu na biyu da ake gane gwani da shi shi ne yadda ya kwantar da jijiyar itacen. Dole layukan itacen su bi tsawon wuyan gindin, kamar yadda mai yin ƙotar fartanya ke neman reshen da ya tanƙwara da kansa maimakon ya yanko lanƙwasa daga miƙaƙƙen itace. Idan jijiyar ta ratsa wuyan a karkace, ko da maɗacin ya kai shekara goma yana bushewa, wata rana zai ɓalle a nan.

Na uku shi ne zaman ƙarfe. Fuskar katakon da ke haɗuwa da ƙarfe sai ta taɓa shi ko'ina daidai. Dabarar tsohuwa ce: a shafa wa ƙarfen baƙin hayaƙin fitila, a danna katakon, a cire, a kankare inda baƙin ya taɓa, a sake, har sai tabon ya game fuskar duka. Aiki ne na yini guda ko fiye, kuma shi ne wanda mai gaggawa ke tsallakewa ya cike gurbin da gam.

Ba kowace tsaga ce ke buƙatar sabon gindi ba. Idan siririya ce kuma katakon bai sha mai ba, gam mai haɗi biyu irin Araldite tare da siririn ƙarfe da aka ratsa ta ciki kan riƙe ta shekaru. Ga wanda ya gaji bindigar daga mahaifinsa, da layunta da ƙusoshin tagulla da aka yi mata ado da su, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Awon kafaɗa

Inda sabon gindi ke da amfani na gaske ga mai kalibar 12 shi ne awo. Wannan bindiga ba ta da abin saiti na baya. Ɗan ƙwallo ɗaya ne a bakinta. Idon maharbi shi ne saitin baya, kuma gindi ne ke yanke inda idon zai zauna. Idan kunci ya sauka ƙasa ko gefe da santimita ɗaya kacal, dalmar kan kauce da kusan santimita 30 a nisan mita 30. Mutum na iya shekara yana zargin harsashi ko idonsa ko ma sammu, alhali katakon ne bai dace da fuskarsa ba.

Masana'antu kan yi tsawon gindi, daga kunama zuwa ƙarshensa, tsakanin santimita 35 da 37, awon matsakaicin mutumin Turai. Dogon mutum mai dogayen hannuwa zai ga babban yatsansa na bugun hancinsa duk harbi. Gajere kuma zai riƙa miƙa wuya, gindin na maƙalewa a hammatar riga. Bahago na da tasa matsalar, domin gindi da yawa an ɗan karkatar da su ne don na-dama.

Gwajin ba ya cin ko dala. A buɗe bindiga a tabbatar babu harsashi, a rufe ido, a ɗaga ta zuwa kafaɗa kamar za a yi harbi, sannan a buɗe ido. Idan ƙwallon bakin na zaune a tsakiya, kuma akwai faɗin yatsu biyu zuwa uku tsakanin hanci da babban yatsa, awon ya yi. Idan ba haka ba, wani lokaci faifan roba mai kauri a ƙarshen gindi, ko 'yar fata da aka ɗinka a wurin kunci, sun wadatar. Dukawa na iya wannan.

Sabon gindi, tsohon ƙarfe

Haɗarin da ba a cika magana a kansa ba shi ne yadda sabon gindi ke sa tsohuwar bindiga ta yi kama da sabuwa, ga mai ita da kuma wanda zai saye ta.

Harsashin kalibar 12 na zamani yana iya haifar da matsin da ya kai ma'aunin bar 740 a cikin bututu, kusan ninki 300 na iskar tayar ƙaramar mota. Saboda haka ne a Saint-Étienne aka kafa gidan gwajin bindigogi tun 1782, inda ake harba kowace bindiga da abin da ya fi ƙarfinta kafin a buga mata hatimi. Wannan hatimi shaida ce ta ranar da aka buga shi, ba ta bayan shekara 60 na tsatsa ba.

Da yawa daga tsofaffin bindigogin Faransa an yi ɗakin harsashinsu da tsawon milimita 65. Harsasan yau galibi 70 ne, wasu 76. Dogon harsashi na shiga gajeren ɗaki lafiya lau kafin a harba, domin sai ya fashe bakinsa ke buɗewa, a nan ne matsin ke ƙaruwa. Adadin na rubuce a ƙarƙashin bututu ga wanda ya duba. Haka nan idan bututu na motsi a kan maƙullinsa bayan an rufe bindiga, ko akwai ramukan tsatsa a ciki, ko wani wuri ya kumbura, babu gindin da zai gyara wannan, na maɗaci ne ko na McMillan. Kuɗin da za a kashe a katako gara a fara kashe shi wajen wanda zai duba ƙarfen.

Takarda da shingen bincike

A Nijar mallakar bindiga sai da izinin Ma'aikatar Cikin Gida, bisa tsarin da ya samo asali daga dokar 23 ga Afrilun 1963. Farauta kuma na ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, wadda ta wajabta lasisi, ta bar wa hukuma ƙayyade lokacin buɗewa da rufewa, ta kuma hana farautar dare da fitila da bin dabba da mota. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Lambar da ke kan takardar izini a jikin ƙarfe take, don haka sauya katako bai taɓa ta ba. Amma bai kuma samar da takarda ga bindigar da ba ta da ita ba.

Ga 'yan uwa da ke waje, aiko da gindi ba kamar aiko da waya ko takalmi ba ne. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, ta haɗa har da sassan bindiga a cikin abubuwan da ba a ƙetare iyaka da su sai da izini. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma kayan da aka aiko ta ruwa sai sun ratsa tashar wata ƙasar da ke ciki, kuma dokokin Nijar na shigo da makamai suna nan. A Amurka ma sassan bindiga na ƙarƙashin dokokin fitar da kaya, shaguna da yawa ba sa aikawa ƙetare kwata-kwata. Wanda ya cusa irin wannan a akwatin matafiyi ba tare da ya tambayi duwan ba, matafiyin ya jefa a matsala.

Sai kamannin bindigar. Gindin da ya fi jan hankalin matasa a intanet shi ne baƙi mai mariƙin hannu irin na sojoji, wani ma mai naɗewa. Yamai na zaune ne a tsakiyar jihar Tillaberi, inda sassa da dama ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017. Jandarman da ke shingen bincike da magariba ba shi da lokacin tantance ko abin da ya hango a bayan mota kalibar 12 ce da aka yi wa kwalliya. Bindigar da ke da jan katako da laya kowa ya san ta maharbi ce. Wadda aka mayar baƙa mai naɗewa ta sauya tambayar da za a yi wa mai ita, ko da takardunsa sun cika.

Dajin da ake shiga da bindigar ma ya ƙuntata. Gandun W, mai nisan kusan kilomita 150 kudu da Yamai, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, dama ba a farauta a cikinsa, yanzu kuma 'yan bindiga sun mayar da yankin wurin da ko jami'an gandun daji ke shiga da taka-tsantsan. A Kure, kilomita 60 daga birnin, inda raƙuman dawa ke kiwo, an kashe mutum takwas ranar 9 ga Agustan 2020, shida Faransawa ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu.